Gidan yana kan tudu, to hanyar fa?

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Jigawa ce, daga yankin Auyo. Shekara biyu ke nan da na biyo maigidana Kanada. Direban tirela ne, yakan yi kwana biyar ko shida bai kwana gida ba. Muna haya a wani gidan gona kudu da Winnipeg, tsakaninmu da garin Morris tafiyar minti ashirin ce a hanyar tsakuwa, maƙwabcinmu mafi kusa kuwa sai dai mu hango fitilarsa da dare. Hayar da sauƙi, don mai gidan ya rage mana bisa sharaɗin mu riƙa kula masa da wurin. Yarana biyu ƙanana, ga ciki wata bakwai, likita ta ce farkon Mayu. Makon jiya mai gidan ya zo ya ce bana dusar ƙanƙara ta yi yawa, in ta narke ƙila ruwa ya kewaye mu mako biyu ko uku, amma kada mu damu, gidan a kan tudu yake, ruwa bai taɓa shiga ba, kuma zai kawo mana kwalekwale mai inji. Yana faɗa yana dariya. Ni tun ranar ban yi barcin kirki ba, don ina budurwa na ga yadda ruwa ya zubar da ɗakin mahaifiyata cikin dare. Maigida ya ce tsoro ne kawai, mu sayi abinci mu zauna. Wansa yana Winnipeg, amma ni da facalata ba ma ga maciji tun wata magana da ta haɗa mu bara. Surukata ta ce a waya wanda kwanansa bai ƙare ba ruwa ba ya cin sa. Ba na son a ce ina da taurin kai. Yaya zan yi?

Maman Biyu, Manitoba

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raba lafiya.

A kan maganar gidan, mai gidan nan ƙila gaskiya ya faɗa miki. Bayan babbar ambaliyar 1997, gwamnati ta taimaka wa mazauna wannan kwari na kogin Red aka ɗaga gidaje kan tudun ƙasa, waɗansu aka kewaye su da jinga, kuma ma'aunin da aka bi shi ne inda ruwan waccan shekara ya kai, a ƙara santimita 60 a kai. In gidanku na cikinsu, to ba irin ginin lakar da kika ga ya jiƙe ya zube a Auyo ba ne. Ki tambaye shi kai tsaye: an ɗaga gidan bayan 1997? A 2009 da 2011 da 2022 ina ruwa ya tsaya, kuma kwana nawa hanyarku ta yi a rufe? Tambaya ta ƙarshen ita ce mai muhimmanci, ki lura da yadda zai amsa ta.

Domin ba gidan ne zai haihu ba, ke ce. Duk maganar da aka yi miki, ta mai gidan haya da ta maigidanki da ta Hajiya surukarki, a kan gidan aka tsaya, babu wanda ya yi maganar hanya. A wajenmu ruwa ɗaki yake ci ya bar miki mutane: kafin ki yi ihu sau biyu maƙwabta sun fito da fitila, wata ta goya miki yaro, a kwana a makarantar firamare. A inda kike, ruwa yakan bar miki ɗaki a bushe, da wuta da firji da komai, ya cinye hanyar da mutum zai bi ya zo gare ki. Mai lafiya, wanda ba shi da ƙananan yara, yakan iya zama haka mako uku yana kallon talabijin, manoman wurin sun saba. Mace mai jiran naƙuda da yara biyu, miji yana can wata jiha ta Amurka da kaya, wannan wani lissafi ne daban.

Yana da kyau ki san halin kogin da kike zaune kusa da shi, don ko maigida za ki fi iya yi masa bayani. Kogin Red daga Amurka yake tasowa, tsakanin Dakota ta Arewa da Minnesota, ya bi ta Fargo da Grand Forks, ya shigo Kanada ta Emerson, ya wuce Morris, ya ratsa Winnipeg, ya zube a tafkin Winnipeg. Wato arewa yake nufa. Can kudu ne zafi ke fara sauka, ƙanƙara ta narke, ruwan ya taho ya tarar da ku har yanzu a daskare, wani lokaci manyan ɓaraguzan ƙanƙara su cushe a gada ko lanƙwasa su tare shi. Ƙasar kuma shimfiɗe take kamar tabarma, don gindin wani tsohon tafki ce, ga ta yumɓu, ga ta a daskare, ba ta shan ruwa. In kogin ya cika ba shi da gangaren da zai bi, sai ya bazu. A 1997 faɗinsa ya kai kusan kilomita 40 a wasu wurare, har mutanen wurin suka riƙa ce masa teku, aka kwashe mutum kusan 28,000 a Manitoba. Garin Ste. Agathe, da ke tsakaninku da Winnipeg, ba ta bakin kogi ruwa ya shige shi ba, ta baya ya zagayo ta cikin gonaki. Winnipeg ta tsira saboda ƙatuwar magudanar da aka gama haƙawa a 1968, bayan ambaliyar 1950 ta kori mutum kusan 100,000 daga birnin. Wannan magudana birnin take karewa. Ku da ke kudu ba ta kare ku.

Alheri ɗaya da wannan kogi ke da shi, ba ya zuwa ba sallama. Ba irin ruwan da ake yi da daddare a wayi gari an yi asara ba ne. Ana ganin tahowarsa tun daga Fargo, ana aunawa, hukumar hasashen ambaliya ta lardin tana fitar da bayani tun ƙarshen Fabrairu, in abu ya matso kuma kusan kullum. Amma kada ki riƙe hasashen watan Maris kamar yankan wuƙa. A 1997 guguwar ƙanƙarar farkon Afrilu ce ta ɓata lissafi. A 2022 ma ruwa da ƙanƙarar da suka yi ta sauka mako bayan mako a Afrilu ne suka mai da abin babba. Kuma yadda yake zuwa a hankali haka yake tafiya a hankali. Babbar hanya mai lamba 75, wadda tirelolin su maigidanki ke bi zuwa iyaka, an rufe ta a Morris a 2009 da 2011 da 2022, kowane karo makonni ta yi a rufe, aka koma zagaye. In babbar hanyar kwalta ta sha haka, ki ƙiyasta taku ta tsakuwa.

Na ga abin da idona a 2022, lokacin ina Winnipeg wajen 'yata. Surukina ya ɗauke mu a mota muka nufi kudu har inda aka gitta shinge. Rana tana haske, sama tas, babu ko ɗigon ruwan sama, amma gaba ɗaya gonaki sun zama tafki har iyakar gani. Allunan hanya tsaye cikin ruwa zuwa wuya. Can nesa ga wani gida fari a kan ɗan tudunsa, mota a ƙofa, hayaƙi na fita ta bututu, kwalekwale ɗaure a jikin turken shinge. Kyau kam kamar hoton kalanda. Na tsugunna na tsoma yatsa a bakin ruwan, kafin in ƙirga goma ya fara yi mini zugi. Iska kuma tana kaɗa shi yana tumbatsa kamar tafkin gaske. Abin da ya zo mini a rai shi ne, in da mai ciki a gidan can kuma abin ya tashi ƙarfe biyu na dare, wa zai tuƙa?

Shi ya sa kwalekwalen da aka yi miki alkawari ban sa shi a lissafi ba. Ruwan narkakkiyar ƙanƙara ne, wanda ya faɗa ciki cikin mintuna hannunsa ke daina kama abu, ko da ya iya iyo kamar ɗan Sarkawa. A ƙarƙashinsa akwai wayar shinge da turaku da kwalbatoci masu jan ruwa. Ke kin taɓa tayar da injin kwalekwale? Da cikin wata tara, yaro ɗaya a cinya ɗaya a gefe? Ko an kai gaci ma, sai an samu mota tana jira a can, sannan a kama hanyar zagaye zuwa asibiti. Haihuwa ta uku kuwa sau da yawa ba ta jira irin jiran ta fari. In kin kira 911 za su yi iya ƙoƙarinsu, amma motar asibiti ba ta tafiya a kan ruwa.

Don haka shawarata ba ta da kwana-kwana: ke da yara ku bar gidan kafin hanya ta yanke. Kada ki bari sai kin ga ruwa, don ranar da kika hango shi daga taga wataƙila ya riga ya haye hanya a wani kwari da ba kya gani. Ki sa rana tun yanzu. In likita ta ce farkon Mayu, to makon farko na Afrilu cikin ya kai mako 36, kuma daidai lokacin ne kogin ya saba fara tashi. Wannan ce ranarki, sai dai in hukuma ta yi gargaɗi kafin nan, sai ki riga ta. In bana ruwan bai zo ba, me kika rasa? Kin haihu kusa da asibiti, kin dawo da jariri.

Gobe da safe ki yi waya biyu. Ta farko ofishin ƙaramar hukumarku. Ki ba su sunanki da lambar gidan, ki gaya musu kina da ciki, da watan haihuwa, da shekarun yara, da cewa yawancin dare ke kaɗai ce babba a gidan. Ki tambaye su a wane matakin ruwa hanyarku ke rufewa, ta yaya suke sanar da mutane, kuma in sun ce a tashi ina ake rajista, don wanda hukuma ta tasa in ya yi rajista ne ake lissafa shi cikin masu samun taimako. Baƙo yakan ji nauyin irin wannan waya, yana ganin kamar roƙo ne. Aikinsu ke nan, kuma sun fi son su san da ke yau da su ji labarinki cikin dare. Ta biyu likitarki ko ungozoma. Ki faɗa mata yadda mai gidan hayar ya faɗa miki, kalma da kalma, ki roƙe ta ta yi wa maigida bayani da bakinta a awo na gaba, ko ta waya.

Na ce da bakinta ne da gangan. Maigidanki ba mugu ba ne, mutum ne da ke lissafin kuɗin haya, ga nauyin gida nan da na gida can, ga kunyar ya je wa wansa da iyali niƙi-niƙi. In kin ce "ina jin tsoro", abin da zai ji shi ne ana so ya lallashe ki, sai ya lallashe ki maganar ta mutu. Kada ki shiga ta ƙofar tsoro, ki shiga ta ƙofar sana'arsa. Ki bari ya dawo ya ci ya huta, ki ce, "Abban yara, in na fara naƙuda ran Laraba da dare kana Dakota, hanya a rufe, faɗa mini yadda za a yi tun daga ɗaki har asibiti." Ki yi shiru ki bar shi ya zana hanyar da kansa. Direba ne, ya fi ki sanin abin da rufe 75 ke nufi, ya san mota ba ta shiga ruwan da ba a ga ƙasansa ba. Ina kyautata zaton kafin ya kai rabi zai tsaya. In ya tsaya kada ki ce "ai na faɗa maka". Ki ce, "to me kake gani?" Bar shi shawarar ta fito daga bakinsa, ke dai biyan bukata kike nema.

Sharaɗin kula da gida kuma, a yi maganarsa a fili da mai gidan, maigida ne zai yi. Kula da gida lokacin ambaliya aiki ne na gaske: a duba injin da ke zuƙe ruwa daga ramin ɗakin ƙarƙashi dare da rana, a zagaya jinga in akwai, a tayar da janareto in wuta ta ɗauke. Wannan ba aikin mai tsohon ciki ba ne, kuma babu mai hankalin da zai ce ragin haya ya haɗa da shi. Ko dai maigida ya ɗauki hutu ya tsare gidan shi kaɗai, ko mai gidan ya sa nasa mutum. Manomin da aka haifa a wurin dariyarsa ta sabo ce, amma in an ce masa farkon Mayu ne haihuwa, zan yi mamaki in bai ce ku tafi ba.

Saura facala. Ban san abin da ya haɗa ku ba, ban kuma tambaya ba. Amma wata guda ne ko ɗan fiye, kuma gidan Yayan mijinki gidan 'ya'yanki ne. Kada ki bari maza su shirya a tsakaninsu a kai ki kamar kaya, nan ne zama ke yin ɗaci. Ke ki kira ta da kanki. Ki gaishe ta, ki ce, "Yaya, ruwa zai tare mana hanya, ga haihuwa ta matso, ba ni da wadda ta fi ki a ƙasar nan." Ba sai kin tono maganar bara ba, ba kuma sai kin amsa laifin da ba naki ba. Mace da wuya ta ji wannan daga mai ciki ta rufe ƙofa, ko ba don ke ba don bakin duniya. In kuma ta rufe, kin fita haƙƙi, sai maigida ya nemi ɗaki na wata guda a birni, ko a yi cigiya a masallaci, Winnipeg akwai 'yan Najeriya da yawa. Kuɗin ɗakin zai yi zafi, na sani.

Hajiya kuwa kada ki yi musu da ita, maganarta gaskiya ce, ba a mutuwa sai kwana ya ƙare. Amma Sayyidina Umar da ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da jama'arsa, aka ce masa gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Ba ke za ki karanta mata wannan ba, ɗanta ne. Ke ki ce likita ce ta ce a matso kusa da asibiti, ki nemi addu'arta. Ita a ranta ruwan da ta sani take gani, na damina, mai ɗumi, da mutane ko'ina.

Kafin ku fita, ku kwashe duk abin da kuke so daga ɗakin ƙarƙashi ku hau da shi sama, don ko ruwa bai haye tudu ba yakan tsattsafo ta ƙasa, balle in wuta ta ɗauke injin ya tsaya. Ku ɗauki hoton kowane ɗaki da waya. Fasfo, takardun zama, katin lafiya, takardun awo da na rigakafin yara, duk jaka ɗaya, a hannunki, ba a but ba. Ku kira kamfanin inshorarku ku tambaya ko ta haɗa da ruwan da ya malalo ta doron ƙasa, don a Kanada yawanci wannan ƙari ne da ake saya daban, kuma inshorar mai gida ginin take karewa, ba kayanku ba.

In maigida ne zai tsare gidan, ki ja masa kunne a kan abu uku da ke kashe mutane a irin wannan lokaci fiye da ruwan kansa shiga ɗaki. Janareto a waje, nesa da taga, ba a gareji ba ko da ƙofa a buɗe. Gawayi ma haka, kada sanyi ya sa ya tuna da kurfoti ya hura shi a falo, gidajen can a toshe suke ruf, iskar da ke fita daga garwashi ba ta da wari, barci kawai take sa mutum. Na biyu, in ruwa ya taru a ɗakin ƙarƙashi ya kusa soket, kada ya sa ƙafa, ya kira kamfanin wuta. Na uku mota: ruwa mai gudu da bai wuce santimita 30 ba yana iya ɗaga ƙaramar mota, hanyar tsakuwa kuma takan zaizaye ta ƙasa alhali samanta na nan kamar lafiya. Ya tanadi ruwan sha na roba mai yawa. In rijiya kuke sha kuma ruwa ya kewaye ta, a tafasa har ya yi minti guda yana tafarfasa kafin a sha, kuma in kun dawo kada ki haɗa wa jariri komai da shi sai an kai an gwada an ce lafiya.

Abin da kika gani a ɗakin mahaifiyarki shi ke hana ki barci, kuma ban ga laifinki ba. In kin yi wayoyin nan biyu kika sa rana a kalanda, ina sa ran barcin zai dawo. In bai dawo ba, ko kika ga gabanki na yawan faɗuwa, ki faɗa wa likitar wannan ma, kada ki ɓoye.

Ki fara haɗa jakar haihuwa a makon nan, ki ajiye ta bakin ƙofa, tankin mota kuma kada ya sauka ƙasa da rabi. In za ki tafi gidan Yayan, ki tafi da buhun shinkafa da jarkar mai, da ɗan turaren wuta na facala in kina da saura daga gida. Ki rubuto mini bayan suna.